Sawun da Ya Kauce wa Tasha ta Uku

Tunda yanzu kai ake kawo wa ƙara, saurari wannan. An yi wata alƙaliyar wasa da aka ba ta hukuncin wasan ƙarshe na 'yan mata, irin wasan nan da ake dukan ƙwallo da sanda, mai dukan ta zaga fili a guje tana taka tashoshi huɗu, in ta tsallake ɗaya an fitar da ita. 'Yan gari ne da baƙi, ana kunnen doki, wasa ya zo ƙarshe. Wata baƙuwa ta maka wa ƙwallo sanda ta zuba da gudu. Tana dab da tasha ta uku sai mai tsaron wurin, 'yar gari, ta gitta gabanta. Baƙuwa ta goce, ƙafarta ta wuce tashar ba ta taɓa ba, ta ƙarasa zagayenta. Fili ya kaure da ihu, ba ta taka ba, a fitar da ita! Gaskiya ne, alƙaliya ma ta gani. Amma doka ta ce wadda aka tare wa hanya alhali mai tarewar babu ƙwallo a hannunta, ba a kama ta da laifin tsallake. To, tare ta aka yi, ko ita ce ta yi gaggawa? Abin ya faru kamar ƙiftawar ido. Alƙaliya ta san in ta ƙirga wannan ci, kofi ya bar garin da take kwana take tashi.

Sai ta taka zuwa tasha ta biyu ta bi sawun baƙuwar. Jama'a sun danno har bakin igiya, kocin gari na biye da ita yana huci. Sawu ya miƙe sambal kamar an ja zare, sai ana saura taku ɗaya ya karkace. A daidai nan mai tsaron take tsaye har yanzu, tana nuna baƙuwar da yatsa, muryarta ta fi ta kowa. Alƙaliya ta ce, "'Yata, ɗan ja da baya." Yarinya ta ja. Ga shaidar dugaduganta biyu sun nutse a ƙasa, a tsakiyar hanya, irin ta wanda ya dage ya tsaya, kuma kowa ya san lokacin ƙwallo na can bakin shinge. Alƙaliya ta ɗaga hannu ta ce ci ya tabbata. Ledar ruwa ta fashe a kafaɗarta, wani ya kira ta maci amana. Koci kuwa ya daɗe yana duban ƙasa, sannan ya cire hula ya share gumi, ya ce wa 'yan wasansa su je su gaisa da baƙi. Mai tsaron ce ta bi su a ƙarshe, hannunta a ɓoye a bayanta.

Shi ya sa Hausawa suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.