Ɗan Maƙera da Tsuntsun Kurmi

Tunda ka ce mini sai baɗi za ka je ganin tsohuwarka, zauna, ɗana, ka ji misalin wani ɗan maƙera.

Yana saurayi ya bi motar goro zuwa kurmi, ya kama aiki a gonar wani mutum, can inda itatuwa ke haɗa kai har rana ba ta taɓa ƙasa. A bayan bukkarsa akwai busasshen itace, wani ɗan tsuntsu ya fafe rami a jikinsa ya yi gida. Tsuntsun bai kai kurciya girma ba, amma Allah ya yi masa ado: bayansa kore shar, maƙogwaro ruwan ɗorawa, goshi ja kamar garwashi, ga baki mai kauri da 'yan gashi kewaye da shi kamar gemu. Abincinsa ɓaure da sauran 'ya'yan itace. Da gari ya waye sai ya hau can ƙololuwa inda ba a ganinsa, ya kama kuka, ƙwan, ƙwan, ƙwan, matar na amsa masa daga wani reshe, sak bugun guduma a kan uwar maƙera. Ranar da saurayin ya fara jin kukan nan sai da ya ajiye adda ya zauna, don zauren ubansa ya gani a idonsa, har da hucin zugazugi da ƙaurin gawayi. Ya ce a ransa, da an gama cirar goron bana zai tafi gida. To amma kukan na rage masa zafin kewa, in ya saurara sai ya ji kamar ya leƙa gida ya dawo. Aka gama cirar goro bai tafi ba. Ya yi aure, ya sami gonar kansa. Aka aiko masa uban ba lafiya, ya ce sai bayan damina. Tsuntsayen kuwa suna ta ƙyanƙyasa, 'ya'yansu na fafe nasu ramin a kusa, shi kuma yana ta saurare.

Sai da furfura ta rufe masa kai ya hau mota. Ya tarar zauren maƙerar ya zama shagon cajin waya. Mai shagon ya ce, "Baƙo, wa kake nema?" Ya faɗi sunan ubansa, mai shago ya ce sai dai ya tambayi tsofaffi. Cikin tsofaffin, wata makauniya ce kaɗai ta gane muryarsa. Ta laluba ta kama hannunsa, ta ce, "Ashe kana raye? Tsohuwarka duk ranar kasuwa sai ta dafa tuwo da rabonka, ta zauna bakin ƙofa har a watse. Haka ta yi ta yi har ta bi tsohonka lahira." Ya roƙi a kai shi kabarinta. Aka zaga maƙabarta da shi, wannan ya ce nan ne, wancan ya ce a'a, can ne. Ƙarshe ya tsaya a tsakiya ya ɗaga hannu ya yi wa kowa addu'a. A zauren masallaci aka shimfiɗa masa tabarma, inda ake sauke matafiya, aka kawo masa abinci a kwanon baƙi.

Ka ji, ɗana. Ba banza magabata suka ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.