Motar Da Ba Ta Tsayawa Gaisuwa

Shekara bakwai ke nan da hana mutane tuƙi. Injiniya Rumasa'u ce ta zana motocin yanzu, babu sitiyari, babu birki, gilashi ba ya sauka.

Ranar Laraba, tana cikin mota a hanyar Gumel, ta hango Kawu Ɗanlami, wanda ya koya mata tuƙi, tsaye cikin rana da wasu dattawa. Ya ɗaga mata hannu.

"Tsaya," ta ce wa motar.

"Nan ba matsaya ba ce," motar ta amsa.

Da la'asar ta kira shi a waya.

"Kawu, ka yafe mini."

"Ba komai, Rumasa'u. Laifina ne, ni na ce musu ga 'yata can, za ta tsaya."