Surukuwa a Bayan Babur

An yi wani manomin albasa a wani ƙauye na bakin fadama, mutumin kirki, mai lallaɓa babur ɗinsa kamar ƙwai. Surukuwarsa, uwar matarsa, tsohuwa ce da yanar ido ta rufe wa idanu biyu, asibitin ido kuwa yana can birni, tafiyar awa uku, rabi burji rabi kwalta. Da yake ba ta da ɗa namiji a kusa, shi ya ɗauki nauyin kai ta. Sau uku yana goya ta, har aka yi mata aiki a idon dama, ta buɗe ta ga duniya. Da lokacin na hagu ya yi, sai ta aiko 'yarta ta ce an gode, Allah ya saka da alheri, ido ɗaya ma ya ishe ta tsince tsakuwa a shinkafa. Alhali likita ya ja musu kunne cewa in aka bar idon ya daɗe, aikin zai yi wuya.

Manomin ya yi ta juya maganar a ransa. Ya san ba ya gudu da ita. Duk sanda ya waiwaya ya ce, "Inna, lafiya dai ko?" amsarta ɗaya ce: "Lafiya lau, Allah ya yi albarka." Ya tambayi matarsa, ita ma ta sunkuyar da kai ta ce ai tsufa ne. Daga ƙarshe ya yanke cewa sitin ne ya yi tauri. Ranar kasuwa ya kai babur wurin wani dattijo mai ɗinkin siti, ya ce a ƙara masa soso a baya, mai kauri sosai.

Dattijon bai ko kalli soso ba. Ya zagaya babur ɗin a hankali, ya shafa ƙarfen kariya na baya, wanda ake ɗaure kaya a kai, inda fenti ya goge a wuri guda, faɗin tafin hannu, sannan ya tambaya wa ake goyawa. Da ya ji surukuwa ce, sai ya karɓi makulli ya haye gaba. Ya ce, "Hau baya, malam. Amma irin hawanta za ka yi, ƙafafu gefe guda, kuma ko yatsanka kada ya taɓa ni. A ina ka taɓa ganin surukuwa ta dafa kafaɗar mijin 'yarta?"

Manomin ya yi dariya ya hau, suka kama hanyar burji. Ba su wuce makarantar gari ba dariyar ta ɗauke. Ƙafarsa ta laluba mataki ta rasa, sai a lokacin ya tuna tun bara ya cire shi don yana tsole masa buhun albasa. Dugadugansa suna reto kusa da salansa, bututun hayaƙi, zafi yana lasarsu. Babu abin riƙo sai kariya, ita ma sai ya murɗa hannu ta baya kafin ya kamo ta. Babban abin kuma, ashe sitin gangare yake da shi zuwa gaba. Duk birkin da dattijo ya taka, sai jikin manomin ya zame zuwa bayan mai tuƙi, sai ya ƙanƙame ƙarfe, ya tattara ƙarfin ƙugu da na wuya ya janyo kansa baya. Shi ga shi da idanu biyu, yana hango rami tun daga nesa yana shirya masa. Ya tuna tsohuwar da ba ta ganin komai sai hazo, wadda rami bai taɓa yi mata sallama ba, awa uku zuwa, awa uku dawowa, tana kokawa da gangaren nan don kada kafaɗarta ta goga bayansa. Da suka dawo rumfar dattijon, manomin ya sauko, yatsunsa sun ƙi miƙewa. Ya tsaya yana kallonsu.

Soso kaɗan aka ƙara. Dattijon ya daidaita gangaren, ya ɗinka ɗan tudu tsakanin mazaunin gaba da na baya. Mai walda ya yi majingina, da mariƙi a gefe daidai inda hannu ke sauka, aka naɗe shi da roba, da faffaɗan mataki mai ɗaukar ƙafa biyu, aka kuma yi wa salansa marufi. Manomin ya ƙudura a ransa cewa duk awa guda zai tsaya a inuwa, ya ce inji ne ke son hutawa, don ya san ita ba za ta taɓa roƙa ba.

Bai je ya ba ta haƙuri ba, don hakan ƙarin kunya ne a gare ta. Ya dai jingine babur a ƙofar gidanta, ya koma gefe suna gaisawa da maƙwabta. Tsohuwa ta fito zubar da ruwa, ta tsaya. Ta karkata kai ta duba da idon nan mai gani, ta miƙa hannu ta kama mariƙin, ta girgiza shi ta ji ƙarfinsa. Ta daɗe a haka. Can ta juya wajen 'yarta, wadda ta zo gaishe ta, ta ce, "Ke, wace rana ma likitan nan ya ce a koma?"

Ka ga, shekara da shekaru babur ɗin nasa ne, amma rabinsa kawai ya sani, rabin da yake zama a kai. Shi ya sa Hausawa suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.