Lokacin ɓare ƙwayoyi

Jiniya ta kaɗa daga Cibiyar binciken kimiyya da ke bayan dutse, unguwa ta fara kashe wuta gida bayan gida. Doka ce: in injinsu zai ɓare ƙwayoyin zarra masu tiriri don ya ƙara musu caji, duk wutar garin tasa ce.

Lantana ba ta kashe ba. Injin da ke taya mahaifinta numfashi ya ci gaba da gurnani. A kan keken ɗinkinta allurai suka juya kai wajen dutsen, kamar yadda suka saba in maganaɗisun injin Cibiyar ya ja su.

Ɗanjuma mai duba mitar wuta ya yi sallama. Ɗan maƙwabta ne, ita ta goya shi.

"Yaya, gidanku kaɗai ya rage. Ƙwayoyin nan ba sa jira. In ba a ƙara musu ƙarfi yanzu an harba su ba, mutuwa suke yi."

"Shi Baban jira yake yi?"

"Magani ake nema wa mutane, Yaya."

"Wancan karon da na kashe, leɓɓansa baƙi suka yi. Ba zan ƙara ba. Ga soket ɗin injin can a kan gadonsa, ka zare da hannunka. Amma ba a shiga wurin mara lafiya ba gaisuwa."

Ya cire takalmi, ya durƙusa. "Baba, ya jiki?"

Tsohon ya ja numfashi da ƙyar. "Ɗanjuma ne? Allah ya yi maka albarka."

Jiniya ta sake kaɗawa. Lantana ta jawo kujera.

"Zauna mana. Ai ba ku gama gaisawa ba."