Wa Ke Dukan Ƙarfen?

Karo na uku ke nan aka dawo musu da bututan, kuma Ba-Kuskure ya rantse yau sai wani ya bar aiki.

Ba-Kuskure shi ne mai duba kaya a masana'antar. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ba wanda ya roƙe shi. Babu bututun da ke fita ƙofa sai ya bi ta hannunsa, hannun da har ya yi kanta.

Bututan na ƙarfe marar tsatsa ne, rijiyar mai ake zura su. Can ƙasa akwai wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, da ta samu ƙarfen da ya cika tauri sai ta tsaga shi. Shi ya sa masu sayen suka ce kada taurin ya wuce ashirin da biyu a ma'auninsu. Ƙarfen kuwa, in aka doke shi da sanyinsa ba a gasa ba, ƙara tauri yake, kamar yaro mai kunnen ƙashi.

Ashe dai wani na dukan ƙarfen a ɓoye.

Ba-Kuskure bai wahalar da kansa ba. Tsohon maƙerin da ke lungu shi ne kullum da guduma a ƙugu.

"Baba, tattara kayanka."

"Ɗana, shekara talatin ban taɓa bugun ƙarfe da sanyi ba."

"To aljanu ne ke bugu?"

Tsoho ya fara naɗe tabarmar sallarsa. Manaja ya ce a dakata tukuna, masu sayen sun turo mai awo.

Mai awon 'yar siririyar mata ce, ba ta da surutu. Ta ɗora na'urarta a bakin bututu: sha tara. A tsakiya: ashirin. Ba-Kuskure na biye da ita yana ba ta labarin yadda tun dawowar farko ya ninka ƙoƙari, kowane bututu sau biyu yake bi ta kansa.

Kusa da gindi na'urar ta nuna ashirin da takwas. Ta koma na biyu, daidai wurin. Na uku ma haka.

"Ba na faɗa ba!" Ba-Kuskure ya daka tsalle. "Sawun guduma! Duk mai hannu a wannan, wallahi ko ubana ne sai ya tafi. Jaki ne kawai zai yi wannan aiki!"

Mai awon ta goge fentin wurin da tsumma, ta ɗan kanne ido, ta matsa gefe.

"Malam, karanta mana da ƙarfi."

Ya sunkuya. Ya daɗe a sunkuye. Sannan ya ɗago ya ce, "Baba, shimfiɗa tabarmarka. Jakin ya ga kansa."

A jikin ƙarfen, nutse har sau biyu, hatiminsa ne da yake bugawa da guduma: AN DUBA, BA KUSKURE.