Ƙusar Bakin Rumfa

Malam, kafin ka tsaya gaban asembili ka karanto sunayen yaran da suka faɗi jarrabawa, zauna ka ji wannan.

An yi wani maɗinkin hula da ke cika baki cewa duk yaron da ya shiga rumfarsa gwani yake fita, ko da kofato ya zo maimakon yatsu. Harshensa kuwa, an ce ya taɓa daka wa allura tsawa ta lanƙwashe. Ni dai ban ga tsawar ba, amma an nuna mini allurar. Dabararsa ɗaya ce: yaro ya yi kuskure, a rataye hular a ƙusa bakin rumfa, 'yan kasuwa su yini suna dariya. Cikin yaransa akwai wani mai taurin kai, ɗinkinsa kamar sawun kaza a taɓo, amma gani yake duk garin ba kamarsa. In an rataye tasa, da shi ake dariyar, gobe ya sake irinta. Akwai kuma wani shiru-shiru mai kyan hannu, wanda ko harara aka yi masa sai ta hana shi cin tuwo. Ran nan zarensa ya karkace wuri guda, wurin da sai ka sa tabarau za ka gani. Maigida ya rataye hular, har ya kira mahauta su zo kallo. Tun daga ranar yaron nan ya ɗinka ya warware, ya ɗinka ya warware, tun kafin kowa ya duba, har ƙyallen ya huje. Bai ƙara gama hula ba. Wata safiya aka ga tabarmarsa ba kowa. Mai taurin kan kuwa yana nan, yana zuba sawun kaza.

Bayan shekaru wani mutum ya kawo ɗansa koyon sana'a. Maɗinki ya gyara zama ya ce, "Ka zo gidan gwanaye. Akwai wani shiru-shiru da na gyara da ƙusar nan, yanzu yana birni, manya ke layi a ƙofarsa."

Mutumin ya dubi ƙusar, ya kama hannun ɗansa, ya miƙe. "Ƙanena ne, maigida. Ga-ruwa yake yi a unguwarmu. Ko maɓallin rigarsa ya tsinke, matata yake kawo wa. Bai taɓa gaya mana abin da ya raba shi da allura ba, sai yau na ji."

To ka ji, Malam. Shi ne Hausawa ke cewa, garin neman gira a rasa ido.