Inda Teku Ya Tsaya

"Kada ki waiwaya tukuna," in ji Baba, yana haki muna hawan dutsen.

Raina a ɓace yake. Ƙawayena na can lambun Ueno sun baje a ƙarƙashin itatuwan sakura suna kallon furanni, shi kuwa ya taso ni daga Tokyo zuwa garinmu na bakin teku, wanda rabona da shi tun shekarar da ƙasa ta girgiza, ruwan teku ya cinye garin, ya tafi da Mama.

"Baba, wai waɗannan 'yan tsirarun ne abin kallon? Ɗaya a gonar mutane, ɗaya a bayan gareji. Wane mashayi ne ya dasa su?"

"Ubanki ne, da sauran waɗanda suka tsira. To, juyo."

Na juya. Daga nan sama itatuwan ba a warwatse suke ba. Furanninsu sun haɗe kamar zare guda, fari mai sirkin ja, sun zagaye kwarin kaf, har ta saman rufin tsohuwar makarantarmu.

"Duk inda ruwan ya tsaya mun dasa guda. Ranar da ƙasa ta sake girgiza, kowa ya gudu har sai ya wuce furen."

Ya zuba shayi kofi uku, na ukun na Mama, ya nuna wata bishiya kusa da matakalar haikali.

"A ƙasan waccan muka samu mamanki. Taku kaɗan ya rage mata ta tsira."

Sai iska ta kaɗo. Furanni suka gangaro a hankali, suka rufe 'yan takun nan.